Bindigar toka da lasisi: yadda mafarauci a Jos zai gane rukunin bindigarsa

Mafarauta da dama a Filato sun ɗauka bindigar toka ba ta shiga lissafin hukuma, tunda maƙeri ne ya ƙera ta. Kuskure ne mai kai mutum kurkuku. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu, irin na soja da fistol, waɗanda sai shugaban ƙasa ya ba da izini, na amfanin kai, kamar mai baki biyu, da ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai masu ɗuri ta baki, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke tsara lasisinsu bayan ya tuntuɓi gwamna.

Kafin komai, duba yadda take cin abincinta. In albarushi ake zubawa ta baki, a bi da tsumma da dalma a danna da sanda, to rukuni na uku ce. In kuwa ana karya ta a zura harsashi mai kwanso ta baya, ta bar wannan rukunin, ko da a maƙerar ƙauye aka haɗa ta. Sannan, bayan ka tabbata babu ɗuri a ciki, haska tocila cikin bututun. Ya kasance sumul. Zane mai murɗawa a ciki alama ce ta raifal, kuma hukuncinta daban ne.

A nan mutane suka fi faɗawa rami: a kai tsohuwar bindigar gado wajen gyara, maƙeri ya sauya mata gindi don ta karɓi kwanso. Mai ita na ganin gyara aka yi, doka na ganin wata bindiga ce dabam, takardar da ke aljihunsa kuma ba ta rufe ta ba. 

Wajen saye, nemi dila mai rajista, ko maƙerin da ke da izinin ƙira a rubuce. Karɓi rasit, ka gwada lambar da ke jikin ƙarfen da wadda ke takarda, harafi da harafi. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 17 lasisi, haka mai taɓin hankali, mai raunin gani, mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

A Agustan 2023 Sufeto Janar ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka ka fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ta Jos ka ji matsayin da ake ciki kafin kuɗi su bar hannunka. Lasisin kuma na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Katin ƙungiyar mafarauta ko na 'yan banga ba ya maye gurbinsa a shingen bincike, kuma takardar mahaifi ba ta bin ɗa tare da gadon.