Yadda ake yanke hukunci idan dokar Dungeons & Dragons ta shige duhu

Tun da samarin da ke karatu a Dutse da Kano suka fara zuwa mana da wannan wasa na labari, wanda kowane ɗan wasa ke riƙe da jaruminsa, jagora kuma yana jan labarin, lokacin hutu, na ga zama da yawa ya watse a kan tabarma, kuma kusan kullum gardamar doka ce sila. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974, bugu na biyar da yawancinmu ke bi kuma na 2014 ne. Dokokin da kansu sun ce jagoran wasa ke da magana ta ƙarshe, don haka da kai nake, mai jan labari.

Da farko ka tambayi ɗan wasa abin da yake so jaruminsa ya aikata. Sau da yawa da zarar ya ce "so nake in tsallake rijiyar in cafke ɓarawon", sai ka ga babu wata doka mai rikitarwa a ciki.

Idan akwai, a karanta sakin layin dokar gaba ɗayansa, a fassara wa kowa da Hausa. Kada ka bar wanda ya fi jin Turanci ya riƙe waya shi kaɗai, domin inda ya yi masa daɗi zai karanto. Sannan ka tuna ƙa'idar da ke farkon littafin dokokin: doka ta musamman tana rinjayar ta gama-gari. Abin da aka rubuta a jikin wani sihiri ko wata baiwa shi ake bi, ko da ya saɓa wa yadda aka saba. Ga wadda ta fi jawo hayaniya: yaro ya jefa ɗan jefawa mai fuska 20 da ake gwada sa'a da shi, 20 ta fito, ya miƙe yana cewa "Yaya, ai dole sarkin ya ba ni garin!" A bugun 2014, wajen kai hari ne 20 ke nufin ba kuskure. Wajen lallashi ko hawan katanga, haɗa abin da ya fito ake yi da makin jarumin, a gwada da lambar wahala, wato lambar da jagora ya sa sai an kai ta kafin a yi nasara, abin da kuma ba zai yiwu ba, tun farko kada ka bari a jefa masa.

To, ga inda sababbin jagorori ke faɗuwa. Sai su tsayar da wasa su shiga lalube a waya, rubutu ƙanana, sabis na zuwa yana ɗaukewa, cajin da aka biya a shago yana ƙarewa. Kafin a gano shafin, biyu sun tafi wajen mai shayi, ɗaya an aiko kiransa daga gida. Minti biyu ya isa. In ba a samu ba, rufe wayar ka yanke lambar wahala: abu mai sauƙi 10, matsakaici 15, mai wuya 20. Idan dabarar ɗan wasan ta burge, ba shi fifiko ya jefa sau biyu ya ɗauki babbar. Ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji: "Wannan hukuncin na daren yau ne, gobe zan duba." Wannan maganar ke kwantar da mai gardama, don ya san ba a danne shi ba. Idan fassara biyu suka yi kunnen doki, ni ɗan wasa nake bai wa gaskiya, amma da sharaɗin dodannin da jarumai ke yaƙa ma za su ci moriyar hukuncin nan gaba. Nan take za ka ga wasu sun janye buƙatarsu. Wuri ɗaya kawai na yarda a tsaya a bincika sosai, wato idan hukuncin zai kashe jarumin da mutum ya daɗe yana renonsa.

Af, wanda bai da ɗan jefawa mai fuska 20 kada ya wahalar da kansa. A rubuta 1 zuwa 20 a guntayen takarda, a zuba cikin hula, a riƙa mayar da wadda aka zaro.

Washegari ka duba dokar a natse, ka rubuta matsaya a littafin rubutu irin na 'yan firamare, ka karanta kafin a fara zama na gaba. Ku kuma tsaya kan bugu ɗaya, domin an yi wa dokokin kwaskwarima a 2024, wani yana karanta tsohon, wani sabon, kowa kuwa da gaskiyarsa a hannu.