Yadda za a kashe rigimar tichoci tun ba ta cinye makaranta ba

Duk wanda ya taɓa koyarwa a Aboabo ko Asawase cikin Kumasi ya san ba ƙarancin albashi kaɗai ke sa ticha neman taransifa ba, sau da yawa wulaƙanci ne. Kuma ba rana ɗaya yake tafiya ba. Zai fara da daina zama ɗakin tichoci, sai ya daina tsayawa yi wa 'yan JHS 3, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, bitar jarrabawar fita ta BECE, ana kaɗa ƙararrawa har ya riga yara shiga trotro, gangar jiki ce kawai ke zuwa aiki.

Toh Hedimasta, da kai zan fara. In ticha ya makara ko bai kawo lesin not ba, ka kira shi ofis ku biyu. Kar ka yi masa tsawa a asembili, domin yaran nan gobe su za su maimaita masa maganarka a aji, kuma kar ka jefa sunansa a gurup ɗin WhatsApp da tsakar dare, wallahi wannan ya fi takardar tuhuma (kwari) ciwo.

Inda wutar ta fi ruruwa a makarantunmu na Islamiyya shi ne tsakanin malaman Arabiyya da tichocin da hukumar ilimi ta Ghana, GES, ta turo. A tsara jadawali ba a kira malam ba, a tura Ƙur'ani awar ƙarshe lokacin da yunwa ta gama da yara, a yi mitin da Turanci zalla yana zaune kamar baƙo alhali wataƙila shi ya karantar da iyayen yaran, sannan a ce wai malam ba ya ba da haɗin kai. Ku zaunar da shi tun ranar tsara jadawalin, a yi magana da harshen da kowa ke ji.

Kai kuma da aka ɓata wa rai, bari ka huce, washegari ka samu wanda ya ɓata maka shi kaɗai, ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya yi. In ya ƙi ji ka nemi dattijon ticha ko shugaban SMC, kwamitin kula da makaranta, ya shiga tsakani. Abu ya ci gaba? Rubuta rana da abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin, ka kai wa wakilin ƙungiyar tichoci, GNAT ko NAGRAT, na makarantarku, daga nan sai SISO, jami'in duba makarantu, in ya zo zagaye. Ka riƙe kwafi ɗaya a gida.