Yadda za mu haɗa jakar kaya don waɗanda aka yi wa fyaɗe

Salam 'yan uwa, ga abin da muka tsayar a mitin ɗinmu na wannan satin. Kayan da yarinya ta zo da su asibiti sau da yawa karɓa ake yi a ajiye saboda shaida a kotu, to da me za ta koma gida?

1. Kowa ya zo da nashi ranar mitin: doguwar riga ko riga da zane, hijabi, silifas. Na gwanjo ba laifi in an wanke an goge, amma kamfai da rigar nono dole sababbi, cikin ledarsu.

2. A ware manya daban, ƙanana daban. Don Allah a yawaita na yara, wallahi ranar da na ninke wata 'yar mitsitsiyar riga hannuna rawa ya dinga yi, kuma kar a manta da yara maza su ma ana kawo su.

3. Kowace jaka a saka sabulu, audugar mata da ƙaramin tawul. Saiz kawai za a rubuta a jiki, ban da sunan ƙungiya.

4. Mutum biyu su kai cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe nan Kano, su miƙa wa ma'aikata. Ba a neman ganin kowa, ba a ɗaukar hoto.