Idan kika tsinci kwalbar kodin a ɗakin 'yarki

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Don Allah idan kika ga kwalaben kodin ko tiramol ƙarƙashin katifar 'yarki, kada ki tara mata dangi, kada kuma a kai ta gidan mari. Ki bari ta wartsake, ki ja ta ɗaki ku biyu, ki tambayi abin da ke damunta. Wata a gidan biki ƙawa ta koya mata, wata baƙin ciki ne.

Kar a yanke mata ƙwayar rana ɗaya. Jiki zai ɗauki rawa, ga gumi, ga amai, barci ya ƙaurace. Ki raka ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna, likita ya tsara yadda za a rage. Haka muka yi da ƙanwata, duk ranar ganin likita tare muke hawa Keke Napep.