Yadda za ka sa baki a ƙudurin doka tun yana hannun kwamiti a Majalisar Sakkwato

Sana'ata buga takardu. Ina da ɗan shago a Mabera, da kwamfuta da injin fotokofi, kuma cikin aikin da ake kawo mini har da takardun ƙungiyoyi masu son a ji su a Majalisar Dokokin Jiha: masu kemis, 'yan kasuwa, matasan unguwa, wani zubin ma'aikatan asibiti. Yawancinsu sukan zo bayan gwamna ya sa hannu, ransu a ɓace, da koke shafi takwas. Nakan buga musu, don aikina ne, amma takardar da ke canza doka daban take. Gajera ce, tana ɗauke da lambar sashe, kuma tana isa ga kwamiti kafin ya miƙa rahoto.

Sai ka fara da sanin inda ƙudurin yake. Majalisar tamu na da wakilai 30 daga ƙananan hukumomi 23. Ƙuduri kan fito daga gwamna, ko ɗan majalisa ya kawo nasa. A karatu na ɗaya sunansa kawai ake ambata. A na biyu ake muhawara kan manufarsa, daga nan a miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa, na lafiya ko na muhalli ko na ƙananan hukumomi. In kwamiti ya dawo da rahoto, majalisa ta bi shi sashe bayan sashe, a yi karatu na uku, a aika wa gwamna. Sashe na 100 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na wakilai na iya sake zartar da shi ya zama doka ba da sa hannunsa ba.

Damarka tana tsakanin karatu na biyu da rahoton kwamiti, kuma ba ta da faɗi. Ka tuna gyaran dokar ƙananan hukumomi da masarauta na 2024, wanda ya shafi naɗin uwayen ƙasa da hakimai. A ƙarshen Yuni aka yi ta cece-kuce a kansa, aka yi zaman jin ra'ayin jama'a, kafin Yuli ya fita Gwamna Ahmed Aliyu ya sa hannu. Wanda ya ce bari ya tara mutanen garinsu bayan sati uku, ya tarar an tashi. Kuma ba kowane ƙuduri ake kira wa zaman jin ra'ayi ba, shi ya sa rubutacciyar takarda ta fi tabbas. Ka riƙa sauraron labarun Rima Rediyo, ka bi shafukan 'yan jaridar da ke ɗauko rahoton majalisa a Facebook, ka kuma samu lambar mai taimaka wa ɗan majalisar mazaɓarku. Shi yakan riga kowa sanin ranar da za a yi zama.

Daga nan ka nemi kwafin ƙudurin kansa. Abin da aka faɗa a rediyo ko aka tura a WhatsApp taƙaitawa ce, wani lokaci ma da ƙari a ciki. Rubuta wasiƙa zuwa ga Akawun Majalisa, ka ambaci sunan ƙudurin, ka ce ƙungiyarku na son kwafi don ta ba da shawara. Buga biyu. Ɗaya ka bari, ɗaya a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata ka dawo da ita. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa irin wannan buƙata, to ka ambace ta a ƙarshen wasiƙar cikin ladabi. Yayin da kake can, ka tambayi wane ne sakataren kwamitin. Ma'aikaci ne, ba ɗan siyasa ba, kuma shi ke tattara takardun da jama'a suka kawo. Ka gaishe shi, ka san sunansa.

Kwafi ya zo hannu, kada ka fara da sashe na ɗaya. Fara da tambayar ko jiha na da hurumin yin wannan doka. Nan ne mutane suka fi ɓata ƙarfinsu. Kundin tsarin mulki ya keɓe wa tarayya wasu abubuwa, kuma sashe na 4 ya ce in dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce a sama.

Ɗauki tsaro, tunda shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. 'Yan sanda da makamai da harsashi duk na tarayya ne. Abin da jiha ke iya yi shi ne kafa rundunar tsaro ta al'umma da doka, kamar yadda aka yi a nan da Katsina da Zamfara. Don haka mutumin Sabon Birni ko Isa ko Tangaza da ya rubuta wa majalisar jiha cewa a raba wa 'yan sa-kai manyan bindigogi, ya nemi abin da ba ta iya ba shi. Amma ga abin da take iya sawa a doka, kuma shi ya kamata ya duba: wa ke tantance wanda za a ɗauka, kuma hakimi da limamin garin na da ta cewa? In sun kama mutum, cikin awa nawa dole su miƙa shi ga 'yan sanda? Sashe na 35 na kundin ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, to dokar jiha ba ta da ikon buɗe ƙofar tsare mutum a sansani. In jami'i ya ci zalin wani, ina zai kai ƙara ban da wurin shugaban jami'in? In an kashe jami'i a bakin aiki, me dokar ta tanadar wa matarsa da 'ya'yansa, kuma daga wane asusu? Ƙudurin da ya yi shiru kan waɗannan, ga aikinka nan.

Zaɓe kuwa, na shugaban ƙasa da gwamna da 'yan majalisa duk aikin INEC ne, har da rajistar masu zaɓe. Na jiha shi ne zaɓen ciyamomi da kansiloli a mazaɓu 244, wanda hukumar zaɓe ta jiha ke yi. In gyaran wannan doka aka kawo, duba tsawon wa'adi, da kuɗin fom, da tsawon sanarwa kafin zaɓe, da ko dole ne a bayyana sakamako a rumfa a ba wakilan jam'iyyu kwafi. Ka kuma duba ko an bar wata kafa ta naɗa kantomomi, domin Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa zaɓaɓɓu ne kaɗai ke da ikon riƙe ƙaramar hukuma.

A lafiya, rajistar magani da lasisin masu kemis hukumomin tarayya ke riƙe da su. Jiha na da asibitocinta, da sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, da hukumar taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA. Tambayar da nake gaya wa kowa ya yi ita ce, wa zai biya wa wanda ba ya da albashi? Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Ƙudurin jiha ya faɗi nasa kason a fili, ko kuwa cewa kawai ya yi gwamnati za ta taimaka gwargwadon hali? A muhalli ma haka: ma'adinai na tarayya ne, amma shara da magudanan ruwa da sare itatuwa da gini a hanyar ruwa duk majalisar jiha na iya yi musu doka.

Yanzu karanta ƙudurin da biro a hannu. Da Turanci ake rubuta shi, to ku zauna da wanda ya iya, ko da ɗalibin shari'a ne na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ku bi shi layi-layi. Ni daga ƙarshen ƙudurin nake farawa, don can ake yawan ajiye hukunci da tara. Sannan in nemi sashen kuɗi. Sannan in duba kowane aiki da aka ɗora wa gwamnati, in ga ko an wajabta mata ne ko an bar mata zaɓi. Sau da yawa za ka ga talaka an wajabta masa, da tara a kansa, hukuma kuwa an ce in ta ga dama. Ka lura da sashen da ke ba kwamishina ikon fitar da ƙa'idoji daga baya, domin kuɗin rajista da na sabunta lasisi can suke ɓuya.

Wani dattijo mai sayar da kayan miya ya taɓa kawo mini rubutun hannu kan shara, shafi biyar, ya fara tun daga zamanin duba-gari. Na ce, "Baba, wane sashe kake son a gyara?" Ya ce, "Ɗana, mi ya kai ni ga sashe? Ni dai a gaya musu ba mu da wurin zubawa." To ai maganarsa ita ce gyaran, lamba kawai ta rasa. Ga yadda irin wannan ke komawa a takarda. A ce ƙuduri ya sa tarar naira 20,000 ga wanda ya zuba shara a kwata. Sai ka rubuta: sashe kaza ya ce kaza. A unguwarmu babu wurin zuba shara da hukuma ta ware, kwatocinmu kan cushe, da damina ruwa ya shiga gidaje. Muna roƙon a ƙara cewa tarar ba za ta fara aiki a unguwa ba sai an ware wurin zubawa an sanar da mai unguwa a rubuce, kuma kowace tara a biya ta da rasit a asusun gwamnati. Shi ke nan. Ba ka ce a jefar da dokar ba, ka ba kwamiti jimlar da zai iya ɗauka ya dasa yadda take.

Takardar kada ta wuce shafi biyu. A sama sunan ƙungiya da adireshi da lambar waya, sai sunan ƙudurin, sai gyare-gyare uku ko huɗu mafi nauyi. A aika ta ga shugaban kwamiti ta hannun Akawun Majalisa. Shugaba da sakatare su sa hannu, a haɗa hotuna in akwai, na kwatar da ta cushe ko ɗakin haihuwar da rufinsa ya yaye, da sunan wurin da ranar ɗauka. Kada ku sa adadin da ba ku ƙirga da kanku ba. Ɗan majalisa ɗaya ya kama ku da lamba ta ƙarya, sauran takardar ta mutu. Ni nakan buga ta da Turanci in haɗa Hausarta a baya. Sashe na 97 na kundin tsarin mulki ya ce Turanci ne harshen aikin majalisa, amma ya ba ta dama ta ƙara da harshen jiha in ta amince, kuma a zaman jin ra'ayi ba abin kunya ba ne ka nemi izinin yin bayani da Hausa. Ku yi kwafi da yawa, kowane ɗan kwamiti ya samu nasa, 'yan jarida ma a ba su.

Ranar zama ku yi sammako ku rubuta sunan ƙungiya a takardar masu magana. Ma'aikatu da manyan ƙungiyoyi ake fara kira, ku kuwa mintuna kaɗan za ku samu, to mutum ɗaya ya yi magana, wanda abin ya shafa da kansa. In kan haihuwa ne, ungozoma ko ma'aikaciyar jinya ta fi shugaban ƙungiya. A bar hular jam'iyya a gida. Gaisuwa layi ɗaya ta isa: "Ranka shi daɗe, mai girma shugaban kwamiti, mun zo kan sashe kaza." Ka faɗi gyaran, ka faɗi dalili, ka miƙa takarda, ka zauna. In an yi tambayar da ba ka da amsarta, ka ce za ku kawo a rubuce, ku kuma kawo kafin mako ya zagayo.

Kada ku raina zuwa wurin ɗan majalisarku a gida ko a ofishinsa na mazaɓa, ku je da dattijan da yake jin nauyinsu. Amma a tafi da buƙata ɗaya. Da zarar wani a cikin ayarin ya sako maganar aikin ɗansa ko kuɗin magani, zancen doka ya ƙare, Honarabul ya sa hannu a aljihu ya sallame ku. Abin da kuke nema shi ne ya miƙe ranar da ake bin rahoton sashe-sashe ya kawo gyaranku da bakinsa, ya kuma samo wanda zai mara masa baya.

Bayan an zartar, ku nemi kwafin da gwamna ya sa wa hannu ku gwada shi da na farko, don a nan kaɗai za ku san ko jimlarku ta shiga. Ko ta shiga, da sauran aiki. Dokar kare yara da dokar hana cin zarafi, waɗanda gwamnan wancan lokaci Aminu Waziri Tambuwal ya sa wa hannu a 2021, kowacce na buƙatar ma'aikata da ofis da mota kafin wanda aka zalunta a Gada ko Kebbe ya ga amfaninta, kuma wannan kuɗin a kasafi yake. Gwamna kan kai kasafin shekara mai zuwa majalisa wajen ƙarshen shekara, kwamitoci su kira ma'aikatu su kare nasu kason. A wannan makon ku koma wurin sakataren kwamitin nan da wasiƙa mai shafi ɗaya, da lambar sashen da ya kafa hukumar ko asusun, ku tambayi nawa aka ware masa bana da nawa aka saki daga na bara.