Kurakuran da ke hana ƙungiyoyin samar da muhalli samun tallafi a Kano

Duk wanda ke zaune a gidan haya a Kurna, Dorayi ko Sheka ya san yadda gaba ke faɗuwa idan shekara ta zagayo mai gida ya aiko. Shi ya sa ƙungiyoyin unguwa da gidauniyoyi da yawa suka ɗauki aniyar sama wa marayu, zawarawa da ƙananan ma'aikata muhalli mai sauƙin kuɗi. Sai dai wasunsu kan rubuta takardar neman tallafi su ji shiru, su ce an yi musu son kai. Sau da yawa kuwa matsalar daga gida take.

Kuskuren da ya fi kowanne kashe aiki shi ne neman kuɗin bulo kafin a gama maganar fili. Wani bawan Allah zai miƙe a taro ya ce, “Na ba ku filina na Rimin Kebe fi sabilillahi,” a yi kabbara, a shafa fatiha, a watse, babu rubutu ko layi ɗaya. Ko kuma ƙungiya ta sayi awon igiya a hannun dillali, ta riƙe takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, ta ɗauka magana ta ƙare. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni amana a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar mallaka, kuma sayar da fili mai takarda sai da amincewarsa. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba za ta hana a fitar da titi ta tsakiyar filin ba. Duk mai ba da tallafin da ya san aikinsa, wannan ce tambayarsa ta farko, domin ba ya son kuɗinsa ya ƙare a ginin da za a shafa wa jan fenti.

Gyaran shi ne a fara zuwa KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, a binciki filin, a ga ko yana da wani mai shi a rubuce, ko an ware wurin don wani aiki. Takardun su fito da sunan ƙungiya. Idan aka sa sunan shugaba don wai kowa ya yarda da shi, ranar da ta Allah ta kasance filin ya shiga gado, kuma magada ba su yi laifi ba idan suka nemi haƙƙinsu. Idan wakafi ne, a rubuta shi tun mai bayarwa na da rai, a gaban shaidu da 'ya'yansa, a nemi shawarar Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha. Kunya kan hana mutane cewa, “Alhaji, a rubuta mana.” Wannan kunyar ce ke jefa marayu cikin shari'a daga baya.

Sai izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, wanda wasu ke ganin ɓata lokaci ne. Fili mai arha a Kano sau da yawa kududdufi ne da aka cike da shara, ko bakin hanyar ruwa. Da rani ba a gane shi, sai ruwan Agusta ya sauka. Wanda ya tuna benen da ya rufta a titin Beirut a 2022 ya san gini ba wurin yin ƙoƙari da ka ba ne. A sa injiniya mai rajista ya duba ƙasa da zane, a kuma saka kuɗinsa cikin lissafi.

Takardun ƙungiya su ma ana barinsu sai an ga sanarwar tallafi, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Rajistar amintattun ƙungiya a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, tana buƙatar sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Ga lambar haraji, ga takardar SCUML (sashen yaƙi da halasta kuɗin haram) da bankuna kan nema, ga rahoton shekara da ake miƙa wa CAC. Asusun banki ya kasance na ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu aƙalla. Babu gidauniyar kirki da za ta tura kuɗi asusun ma'aji na kansa.

Wani ruɗanin kuma shi ne ɗaukar kowane kuɗin gidaje a matsayin kyauta. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ke riƙe da shi, rance yake bayarwa ga masu zuba kuɗi a cikinsa, da ruwan kashi 6 cikin 100. Shelter Afrique, cibiyar kuɗin gidaje ta Afirka da ke Nairobi, ita ma rance take bayarwa. Mu a nan maganar riba ba ƙarama ba ce, don haka a tambayi mambobi tun kafin a cike fom. Akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, masu tsarin ijara (haya) da murabaha (banki ya saya ya sayar maka da ribar da aka amince). Su kuwa gidauniyoyin waje ba kasafai suke biyan kuɗin gina gida sukutum ba. Sun fi saurin tallafa wa ruwan sha, banɗaki, koyar da sana'ar gini, ko gyara bayan ambaliya. A karanta abin da suka ce suna yi, a nemi wannan ɗin. Duk saƙon WhatsApp da ya ce a biya kuɗin fom kafin a saki tallafi, damfara ce.

Lissafin kuɗi ma yana kayar da mutane. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, rodi da kwano suka bi sahu. Ƙungiyar da ta yi alkawarin gida goma da tsohon farashi sai ta tsaya a linta. A rubuta ranar da aka ɗauko farashi, a ware wani kaso don tashin kaya, a saka kuɗin tifar yashi, ruwa, mai gadi da sokawe. Kuma ba dole sai sabon gida a bayan gari ba. Biranen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo sun daɗe da gidaje babu kowa a ciki bayan an gina su. Mai dako a Kantin Kwari ko mai ƙosai a Fagge, idan aka kai su nesa da abincinsu, kuɗin Adaidaita zai cinye abin da suka huta na haya. A ganina, gyaran rufi da katanga da masai a gidajen ƙasa na cikin Badala ya fi isa ga mutane da yawa da kuɗi kaɗan. Akwai kuma bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a gauraya da siminti kaɗan, wanda cibiyar binciken gini ta NBRRI ta daɗe tana aiki a kansa.

Horo kuwa an mayar da shi wurin karɓar alawus. Shugaba ne ke tafiya kowace bita, ya dawo da jaka da takardar shaida. Wanda ya kamata ya je shi ne ma'ajin da zai ajiye rasit, da sakataren da zai rubuta rahoto, da birkilan da zai ɗora bulo. Duk wanda ya je, ya dawo ya koyar da sauran cikin mako guda. Ba sai an jira gayyata daga Abuja ba: Jami'ar Bayero na da sassan zanen gini, tsara birane da ƙididdigar kayan gini, kuma wasiƙa mai ladabi kan buɗe ƙofa.

Kafin a haƙa fandisho, a zauna da matan da za su zauna a gidan, su faɗi inda madafi zai kasance, da tsayin katanga, da ko ana buƙatar zaure. A kuma rubuta ƙa'idar rabon gidaje tun babu gida ko ɗaya: wa ya cancanta, nawa zai riƙa biya, me za a yi idan ya rasu, da sharaɗin cewa ɗan'uwan amintacce ba ya ciki. A karanta ta a gaban mai unguwa da limami, a liƙa kwafi a ƙofar ofis, a tura wani kwafin tare da takardar neman tallafi.