Kafin ka ɗana kunama: yadda za ka gane albarushi ya yi yawa a bindigar farauta

Duk shekara da an gama girbi maharba sun fara shiga daji sai ka ji labarin bindiga ta fashe a hannun mai ita, kuma in ka bi diddigi sau da yawa ɗuri ne ya yi yawa. Ni a gidanmu na gani. Kawuna ya ɗura adakarshi da dare ya jingine bayan ƙyaure, da asuba yaronshi ya ɗauka bai tambaya ba ya ƙara wani ɗurin bisa na farko wai yana taimakon Baba. Can bakin fadama ya auna zabuwa, ƙarfen ya tsage awa an ɓare rake, yatsu biyu sunka tafi, har yau da hagu yake ɗaure tazuge.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne ƙarin albarushi ba ƙarin nama ba ne, matsi kawai kake ƙara ma ƙarfe. Tayar mota iskar da ke cikinta wajen 32 ne a ma'aunin masu faci, to harsashin raifil irin .308 iyakar da anka yarje mashi a Amurka 62,000 ne a wannan ma'aunin, na bindigar katirij mai lamba 12 kuma 11,500. Waɗannan fa bindigogin kamfani ne da anka gwada kafin a sayar. Ina ga wadda anka ƙera da bututun ƙarfe ba wanda ya taɓa auna ƙarfinta?

To ga yadda za ka yi in adaka gare ka. Sandar da kake tura ɗuri da ita, zura ta lokacin da ka tabbata bindiga ba komai ciki, ka yi mata zane da wuƙa daidai bakin bututu. Ka ɗura yadda ka saba ka sake zurawa ka yi zane na biyu. Shi ke nan, duk ranar da ka ɗauko bindiga zura sanda tukuna, in zane na biyu ya tsaya sama da bakin bututu da tazara to akwai abin da ya ƙaru, kar ka harba don "a fitar da shi", kai ta wurin maƙerin da ya san aikin ya zare ɗurin. Ma'auni kuma ɗaya za ka riƙe, ba tafin hannu ba, don tafin hannun mai zumuɗi daban yake da na mai natsuwa. Kuma kar ka tuttula daga gorar albarushi kai tsaye cikin bututu bayan ka yi harbi, tartsatsi kan saura ciki, gorar duka za ta kama a hannunka.

Mafi muni, wallahi wanga shi ke ban tsoro, shi ne masu fasa katirij su juye garin ciki a adaka. Ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Baƙin albarushi na gargajiya daban, garin harsashin zamani wanda ba ya hayaƙi daban, matsinshi ya ninka na wancan nesa ba kusa ba, cokalin da ka saba aunawa da shi in ka cika da wannan gurneti ka haɗa dab da fuskarka. Haɗa su biyun ma haka.

Masu katirij da raifil, ku naku matsalar harsashin da wani ya sake cikawa da hannu ne. Araha gare shi, eh, amma ba ka san mi ya zuba ba, ba ka san ko ya zuba sau biyu yana hira ba. In ba ka san hannun da ya cika shi ba bar shi. In kuma har ka harba, ɗauki kwanson ka duba gindinshi: ɗan maɓallin tsakiya da kunama ke bugu ya baje ya shafe ko ya huje, kwanson ya kumbura ko ya tsage, bindigar ta yi wuyar buɗewa sai da ka sa ƙarfi, ƙara da dukan kafaɗa sun fi na kullum. Ko ɗaya ka gani tsaya nan, ware sauran 'yan uwanshi gefe. Ka tuna da zafinmu na Sakkwato ma, a watan Afrilu ana wuce digiri 40, harsashin da ya wuni cikin but ɗin mashin ko gaban gilashin mota matsinshi hawa yake.

Akasin haka ma haɗari ne. Ka ja kunama ka ji ɗan "fus" ba ƙarfi, mai yiwuwa dalma ta maƙale tsakiyar bututu, na biyun da za ka aika shi zai fasa ta. In kuma ta yi shiru gaba ɗaya kar ka juyo baki ka leƙa, riƙe ta tana kallon inda ba mutum, katirij daƙiƙa 30, adaka minti ɗaya ko fiye, don takan tashi a makare. Bindigar da ta daɗe rataye a ɗaki kuwa duba cikinta, zanzaro na son gina ɗakin laka a bakin bututu.

Batun takarda, dokar makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sandan jiha ikon hana riƙe ko da adaka ce in ba lasin, kar wani ya ce maka ta gargajiya ba ruwanta.

In tsautsayi ya faɗa, danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, ɗaga hannun sama, kar a zuba toka ko ƙasa, kar a ciro ƙarfen da ya shige nama ko ido. A wuce asibitin koyarwa na Danfodiyo ko Specialist kai tsaye, tun 2017 akwai dokar da ta tilasta ma asibiti karɓar mai raunin bindiga ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Sauran harsashin da kwanson da ya fashe a ajiye su wuri ɗaya, za a tambaya.